Wasiƙar ajami a cikin fom ɗin jami'a

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da hoton nan ya zaga unguwa, wanda nake riƙe da allon lambar yabo ta jami'a Mma tana gefena ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, mutane ke ta tare ni a hanya wai yaya akai, wasu ma sun ɗauka buhun kuɗi aka bani. To bari in faɗi abin yadda yake, dan wallahi saura ƙiris da ban ma cika fom ɗin ba, kuma ba lalaci ne ya so hana ni ba, tarbiyyar gidanmu ce.

Ni 'yar Aboabo ce a Kumashi ta ƙasar Gana, nan aka haife ni nan na tashi. Baba makanike ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, Mma kuma koko da ƙosai take saidawa a bakin titi tun kafin a haife ni, saboda haka kafin in san biyu da biyu huɗu na san yadda ake jiƙa gero a kai inji da citta da kanumfari da barkono, a tace a bar shi ya kwana. Wanda ba ɗan nan ba ne ya sani, mu a zango in akace makaranta to ta allo ake nufi, ta boko sukul muke ce mata, kuma duka biyun nayi, Litinin zuwa Juma'a sukul, Asabar da Lahadi gaban Malam. Nayi BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare, a 2010, WASSCE ta gama babbar sakandare a 2013, shekarar nan da aka haɗa 'yan shekara huɗu da mu 'yan shekara uku muka rubuta tare, gurbin jami'a yayi wuya kamar me. Lokacin babu sakandare kyauta, sai a 2017 aka fara, dan haka duk kuɗin makarantata daga tukunyar koko da sifanar Baba suka fito. Shekara guda na zauna a gida ina taya Mma, gwaggonnina suna ta kawo maganar aure, sai 2014 Allah ya buɗe na shiga jami'a. Ba zan kama sunanta ba, wanda ya san ni ya sani.

A 2015 dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ya tsananta, wuta tazo awa kaɗan ta tafi kwana guda. Ina da wata fitila mai caji da nake cikawa a makaranta in dawo da ita gida, in na kunna a tsakar gida da daddare ina karatu sai yaran gidan haya su zagaye ni da littattafansu, wannan tace Yaya duba min lissafin nan, waccan tace Yaya ban gane wannan ba. Wasa-wasa sai ga yaran maƙwabta, tsakar gida ta cika, mai gida ya fara ƙorafin hayaniya. Shine Mma taje ta roƙi Malam ya bamu barandar makaranta bayan Isha'i. Ya yarda da sharaɗi biyu, mata zalla, kuma ƙarfe tara kowa ta kama hanyar gida. Haka muka riƙa yi, lissafi da kimiyya ga 'yan ƙaramar sakandare (JHS) masu shirin BECE, kwana uku a sati. Ban taɓa ɗaukar sa wani aiki ba, ban sa masa suna ba, ban ɗauki hoto ba, ko takardar sunaye ban ajiye ba. Wuta ta dawo daidai amma yaran basu daina zuwa ba, nima ban daina ba, har lokacin da nake bautar ƙasa.

Digiri na biyu na fara a 2019, MPhil, kuma abin da na zaɓa in bincika shine ruwan rijiyoyin zango. Dalili kuwa a gidanmu yake. Ruwan famfon Kumashi daga madatsar Barekese da Owabi yake zuwa, amma gidaje nawa ne a Aboabo da Asawase da Sawaba ke da famfo a ciki? In ma akwai ba kullum yake kawowa ba. Rijiya ce rufin asirinmu, da ita ake wanki da wanka da alwala da girki, wanda baya da kuɗin fiya wata kuma ya sha. Ga gidajen a matse, rijiya nan masai can, taku goma bai raba su ba, alhali abin da masana ke so shine kamar mita 30 tsakaninsu. Damina in tazo gota ta cika ta tumbatsa, kowa ya san inda ruwan ke gangarawa. Ƙanwata tayi taifot sau biyu, na biyun har mun fidda rai.

Aikin kansa ba wani ado gare shi. Asuba nake fita da kwalabe da aka kashe musu ƙwayoyin cuta da kula cike da ƙanƙara, in ɗebi ruwa in rubuta lamba, in hau turoturo, bas ɗinmu na haya, in kai lab kafin awa shida su cika dan in ya daɗe sakamakon ya ɓaci. A tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora ta kan faranti a sa a injin ɗumi, washegari a dawo a ƙirga ɗigon da suka fito. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ruwan sha kada a samu ƙwayar cutar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100, dan ganin sa na nufin bayan gida ya shiga ruwan. Ranar da na buɗe farantin rijiyar gidanmu, wadda Mma ke ɗiba, sai da na nemi kujera na zauna. Abin da ya cece mu kawai shine koko tafasasshen ruwa ake dama shi da shi.

Sai ga korona. 30 ga Maris 2020 aka kulle Kumashi da Ankara, babban birnin Gana, sati uku, jami'a ta rufe, lab ta rufe, wasu samfurina suka lalace na sake daga farko. Gwamnati tace ruwan famfo kyauta na wata uku, alheri ne babu shakka, amma wanda rijiya ce tasa kyautar ta wuce ta kansa. Ana ta cewa a wanke hannu a wanke hannu, bokitin Veronica, mai famfon wanke hannu a jiki, a ƙofar kowane masallaci da shago (af, mai bokitin nan 'yar Gana ce, Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya, da yawanmu bamu sani ba), ni kuma ina kallon ruwan da ake zubawa a ciki na san daga inda aka ɗebo shi.

Nan ne na kasa shiru. Na fara bin masu gidajen da na ɗebi ruwansu ina gaya musu abin da na gani, kuma na fara da kuskure, dan kai tsaye na tafi da takarda a hannu kamar wata ma'aikaciyar duba-gari. Wani Alhaji, sa'an kakana, ya saurare ni har na gama sannan yace, ke 'yar wa? Na faɗa. Yace to je ki gaya wa ubanki rijiyar nan mahaifina ya haƙa ta da kuɗin goro tun kafin a haifi uwarki, ruwanta garau, babu wari babu ɗanɗano, mun sha mun yi alwala mun tsufa, sai yau 'yar mai koko zata zo tace najasa muke sha? Na fito ina kuka. Kuma in an bi ta fiƙihun da aka koya mana bai yi ƙarya ba, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa basu canja ba mai tsarki ne. Ni a kunnensa cewa nayi sallarsa ta shekara sittin bata inganta ba.

Mma ce tace min baki da wayo, ana shiga gida ta ƙofa ne, je ki ga Magajiya ki ga Malam. Magajiya, shugabar matan unguwa, ta tara min mata, su kam basu yi gardama ba dan su ke jinyar yaran. Malam kuma sai da na kawo masa hotunan farantan, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, yace wannan ɗigon rai gare su? Nace rai gare su Allah gafarta Malam. Bayan kwana biyu da aka yi sallar Magariba ya tsayar da mutane yace ruwan rijiyarku mai tsarki ne, alwalarku tayi sallarku tayi, amma tsarki daban lafiya daban, wanda zai sha ya tafasa ko ya sa maganin da yarinyar nan zata nuna muku. Magana ɗaya ta warware abin da na yi wata biyu ina fama. Daga nan aka fara yi wa rijiyoyi murfi, a ɗaga bakinsu a zagaye da siminti, guga ɗaya a rataye shi maimakon kowa ya jefa nasa da ya ajiye a ƙasa, ana sa ƙwayar kulorin a ruwan sha a jira rabin awa. Ba kowa ya yi ba. Alhajin nan har yau rijiyarsa a buɗe take, sai dai amaryarsa na aiko yarinya ta karɓi ƙwayar a ɓoye.

To bayan na kare kundina ne sanarwa ta fito cewa za a karrama ɗaliban digiri na biyu da na uku, kuma abu uku ake dubawa, zurfin karatu da bincike, jagoranci, da hidima ga al'umma. Sufabaizana, wani Farfesa Batone, wato ɗan Asante, Kirista, dattijo mai faɗa amma mai gaskiya, ya turo min fom yace zai sa sunana. Na buɗe. Gidan da ake cikewa na karatu ba matsala, sakamakona na nan, ga takarda ɗaya da muka buga a mujallar kimiyya da sunana a farko. Gidan jagoranci akace a lissafa muƙamai da shekaru, ni kuwa ban taɓa riƙe ko ma'aji ba, ba a GRASAG ta ɗaliban manyan digiri ba, ba a GMSA ta ɗalibai Musulmi ba, lokacin da ake kamfe da taro ni ina turoturo zan koma Aboabo. Gidan hidima kuma shi ya fi tsaya min a wuya, wai a bayyana abin da akai, mutum nawa suka amfana, a haɗa da shaida, hotuna ko wasiƙu ko satifiket.

Na ga fom ɗin wata abokiyar karatuna, shafi shida, kowace ziyara gidan marayu da hotonta da bana a baya da kowa sanye da riga iri ɗaya. Ba zagin ta nake ba, tayi aikin kuma ta iya ajiye shi. Amma abin ya nuna min cewa irin wannan fom an ɗinka shi ne daidai jikin wanda ya taso a inda ake rubuta komai. Mu a zango hidima kamar numfashi ce, wa ya taɓa ba matar da ke dafa abincin gidan rasuwa satifiket? Wa ke ɗaukar hoton mai kai maƙwabciya asibiti ƙarfe biyun dare? Da na gaya wa Baba kuwa sai ya ajiye cokali yace, wato ki zauna ki lissafa alherin da kika yi ki kai wa mutane su tafa miki? Abin da hannun dama ya bayar hagu ma bai kamata ya sani ba, kina so ki sayar da ladan shekara bakwai da katako? Maganar ta shige ni sosai dan nima abin da ke raina kenan, tsoron riya. Na rufe laftof na rubuta wa Farfesa nace na gode amma ya sa wani.

Kira na yayi ofis. Yace min cikin Tonanci, ɗiyata, kina ganin kunya ce ke hana ki, ni kuma ina ganin rowa ce. Duk shekara muna zama a kwamiti irin wannan, ba mu ganin sunan 'yan zango, sai a tashi da tunanin ba kwa yin komai, alhali ku ne ba kwa kawowa. Ban bashi amsa ba, amma ban ji daɗin kalmar rowa ba ko kaɗan, har na kai ƙarar sa gun Mma. Ita kuma ko uffan bata ce ba, ashe da safe bayan ta sauke tukunya ta wuce gidan Malam.

Malam ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, yace 'yar nan an ce kin ƙi karɓar abin da aka miƙo miki. Nace Allah gafarta Malam tsoron riya nake. Yayi dariya yace riya a zuciya take ba a takarda ba, kuma ubanki yayi gaskiya, bai kamata ki yabi kanki ba. Amma ni da na gani fa? Ni shaida ne, kuma Allah yace kada ku ɓoye shaida. Ke ki rubuta abin da ya faru ba ƙari, yabon ki bar min. Sai ya sa aka ɗauko masa wani littafi mai baƙin bango daga cikin akwatin littattafansa, irin na lissafin 'yan kasuwa, gefensa duk ya ci. Jama'a, ashe tun daren farko a 2015 Malam yana rubuta sunan duk yarinyar da ta zauna a barandarsa, da ajami, da sunan ubanta da unguwarsu, dan a cewarsa duk wanda ya shigo makarantarsa amana ne, in wani abu ya faru dole ya san 'yar wa ce. Wadda ta ci jarabawa ya sa mata alama, wadda akai wa aure ya rubuta, wadda ta rasu ya rubuta addu'a a gefe. Har wanda ya kawo alli ko ya biya kuɗin gyaran benci yana ciki. Na riƙa buɗe shafi ina ganin sunayen da na manta, ga wadda yanzu nas ce, ga wadda ke koyarwa a Tamale, ga guda biyu da suka riga mu gidan gaskiya. Ban iya ƙarasawa ba.

A daren ya rubuta wasiƙar, da alƙalamin kara da tawada, Hausa cikin ajami, shafi ɗaya da rabi, ya buga hatiminsa. Na ce zan juya ta zuwa Turanci in buga a kwamfuta ya sa hannu, dan gani nake wa zai karɓi wannan a jami'a. Farfesa yace a'a, ki fassara ki haɗa amma asalin shi za a sa a sama. Gidan jagoranci kuma yace in rubuta maganar rijiyoyin, yadda aka bi ta Magajiya da liman da asambuliman, wato kansilan unguwa, har aka yi murafe. Nace ai wannan ba muƙami bane, yace an tambaye ki wa ya bi ki, ba wace kujera kika hau ba. Magajiya ta dangwala yatsa a tata takardar, asambuliman ya bada tasa mai tambari. Saura awa uku a rufe na tura.

Ranar intabiyu mutum biyar ne a teburi. Sun yi min tambayoyin bincike, me yasa ban auna sinadarin naitiret a duka rijiyoyin ba (kuɗin sinadari ne ya ƙare, haka na faɗa musu), me zai faru in kulorin ya ƙare a hannun matan. Sai wata malama daga sashen tarihi ta ɗaga wasiƙar Malam tace ke kina iya karanta wannan? Nace da shi na fara karatu kafin ABCD. Tace karanta mana. Na karanta da Hausa a gaban farfesoshi, muryata na rawa, ina zuwa inda Malam yace ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan 'yar kowa ba sai na tsaya, dan wannan kam Malam ya rufa min asiri ne, na sha yi musu tsawa. Suka yi dariya da na faɗa. Matar nan ta juya ga sauran tana musu bayani cewa rubutun nan ya riga boko zama a ƙasar nan, tun farkon shekarun 1800 akwai malamai Musulmi da ke rubuta wa Asantehene, sarkin Asante, wasiƙu da Larabci a fadar Kumashi, ta kawo Alhaji Umaru na Kete Karachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci ke ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. Kunya ta kama ni, ni jikar masu abin sai a bakin wata na ji, kuma ni ce na so in ɓoye wasiƙar a ƙarƙashin fassara.

Sati uku bayan nan imel ya shigo ina cikin turoturo a Kejetia, na karanta sau uku kafin in yarda. Ranar bikin karramawar, Baba yace shi yana da mota a gareji ba zai je ba, amma da muka fito sai gashi cikin babbar rigarsa ta Idi yana cewa mu yi sauri. Malam bai samu zuwa ba saboda ƙafa. An kira mu ɗaya bayan ɗaya, wani an bashi na bincike zalla, wani na koyarwa, ni aka kira ni a na haɗin ukun. Sun karanta sunan Aboabo a lasifika, Mma ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a cikin babban zauren nan, kowa ya waiwayo, shi yasa kuka ga ta rufe fuska a hoton. An yi kuskuren harafi ɗaya a sunana a jikin allon, ban koma a gyara ba.

Kuɗin kuwa, masu tambaya, bai kai yadda ake zuzutawa ba. Na biya bashin laftof, aka yi wa rijiyar makaranta murfin ƙarfe da siminti, na sai wa Mma sabuwar tukunya, Baba na bashi nasa yaƙi karɓa sai da na bi ta hannun Kawu. Ya ƙare a sati biyu. Abin da yafi kuɗin amfani shine layi ɗayan da ya ƙaru a takarduna, dan shi aka fara tambayata a kai lokacin da na nemi gurbin digiri na uku. Har yanzu in na tuna maganar Baba wani lokacin gabana na faɗuwa, ban sani ba ko ladan ya ragu, wannan sai ranar da aka buɗe littafin da yafi na Malam. Allon yana cikin kabad ɗin kwanukan Mma tsakanin samiru, Baba ya hana a rataye shi a falo.

Ajin dare yana nan, ɗaya daga cikin yaran farko ce ke riƙe da shi yanzu, na sai mata rajista nace ta riƙa rubutawa, Malam ma bai daina nasa ba. Jiya kuma wani yaro ɗan Sawaba da ke digiri na biyu a injiniya ya zo min da fom irin nawa, gidan hidima fayau babu komai, yace shi bai taɓa yin wani aikin al'umma ba. Muna cikin hira sai ga shi ashe shekara shida kenan yana cikin samarin da ke haƙa kabari a maƙabartar Tafo duk lokacin da akai rasuwa a unguwarsu, ko sisi basa karɓa, wani lokacin daga can yake wucewa lakca da jar ƙasa a wando. Nace to wannan fa? Ya zaro ido yace Yaya, wannan kuma ta yaya mutum zai rubuta shi a fom? Nima shiru nayi. Mun dai yi da shi ranar Juma'a bayan an sauko zamu je mu ga limaminsu.